Mamman Nasir da tambayar da ta rage: wa ke riƙe da ikon gurfanarwa?

A Amurka, babban mai shigar da ƙara na gunduma kan nemi ƙuri'a kamar ɗan majalisa. Kamala Harris ta lashe wannan kujera a San Faransisko a 2003, aka zaɓe ta Atoni-Janar ta Kalifoniya a 2010, daga nan ta wuce Majalisar Dattawa, har ta zama mataimakiyar shugaban ƙasa. Jihohi 43 cikin 50 na ƙasar ta akwatin zaɓe suke samun Atoni-Janar. A Najeriya kuwa naɗawa ake yi, kuma rayuwar marigayi Mai Shari'a Mamman Nasir ta isa misalin yadda wannan hanya take.

An haife shi a Katsina a 1929. Ya zama lauya a Landan a 1955, lokacin da lauyoyin Arewa ba su wuce a ƙirga su da yatsu ba, ya dawo ya kama aikin lauyan gwamnati a 1956. A 1961 gwamnatin Sardauna ta naɗa shi Ministan Shari'a na Jihar Arewa, jim kaɗan bayan kundin Final Kod na 1960 ya fara aiki, ana kai alƙalai Cibiyar Koyon Sha'anin Mulki da ke Kongo a Zariya domin su koyi sabuwar doka. A can Kongo ɗin tsangayar shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello take har yau, ba a Samaru ba.

Akwai abin da ake yawan mantawa game da wancan zamani. Ministan Shari'a daban, Atoni-Janar daban. Mamman Nasir na riƙe da ma'aikata a matsayin ɗan majalisar ministoci, kujerar Atoni-Janar kuma daga 1962 tana hannun wani Bature, Ian Lewis. Bayan juyin mulkin 1966 ministan ya koma layin ma'aikata: Daraktan Shigar da Ƙara a 1967, sannan Solisita-Janar na Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta haɗa lardunan Zazzau da Katsina. Ya shiga Kotun Ƙoli a 1975, ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 1978 zuwa 1992, shekarar da ya zama Galadiman Katsina, hakimin Malumfashi. Ya rasu a Afrilun 2019.

Yau muƙaman nan biyu mutum ɗaya ke riƙe da su. Sashe na 150 da na 195 na kundin tsarin mulkin 1999 sun mayar da Atoni-Janar minista a tarayya, kwamishina a jiha. Sashe na 174 da na 211 kuma sun ba shi ikon shigar da ƙarar laifi, da karɓe wadda wani ya shigar, da janye ta kafin a yanke hukunci. A shari'ar Ilori ta 1983, Kotun Ƙoli ta ce ba hurumin kotu ba ne ta tuhumi dalilinsa na janyewa.

Ma'anar wannan ga ɗan kasuwar Sabon Gari da 'yan fashi suka fasa wa shago a fili take. 'Yan sanda za su kama, su tura fayil ma'aikatar shari'a a Kaduna domin neman shawara, amma ci gaban shari'ar ko tsayawarta na hannun jami'in da gwamna ya naɗa, wanda kuma zai iya sauke shi gobe. Idan wanda ake zargi na kusa da masu mulki ne, mai shago ba shi da ƙuri'ar da zai hukunta kowa da ita.

Ba wai zaɓe ne maganin ba. A Amurka ma ana kukan cewa masu neman tazarce kan tsananta tuhuma domin burge masu zaɓe, kuma kuɗin kamfe na da nasa ubangidan. A ƙasar da ake sayen ƙuri'a da taliya, mai shigar da ƙara zaɓaɓɓe zai iya fin naɗaɗɗe haɗari. Tsarin da Arewa ta gwada a zamanin Mamman Nasir ya fi kusa da hannu. An sha kai ƙudurin raba muƙaman biyu gaban Majalisar Tarayya a lokutan gyaran kundin tsarin mulki, amma sashe na 150 da na 195 suna nan yadda aka rubuta su.