Kamfani Na Da Ikon Neman Lambar Sirrinka Ta Facebook?

Wani mai sauraronmu daga Makera, kudancin Kaduna, ya ce kamfanin da yake neman aiki ya buƙaci lambar sirrinsa ta Facebook.

To malam, abin da ka baza a fili kowa na iya karantawa, har manaja. Amma saƙonninka na ciki, haba! Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin wasiƙu da maganar tarho, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. A Amurka ma, jihar Maryland ta haramta wannan tun 2012.

Kada ka bayar, domin sirrin iyalinka da abokanka ma yana ciki. In sun matsa, ce su rubuto a takarda, su sa hannu.