Abin da ya kamata a sani kafin sayen gida mai filasta a yankunan da ke da yawan laima

Da yawa daga cikin 'yan Arewa mazauna Legas, Fatakwal, Warri, Benin da Kalaba suna sayen gidaje ko gina nasu a garuruwan da suke neman abinci. Kusan dukkan waɗannan gidaje na bulo ne da aka shafe da filasta, irin wanda aka saba gani a Kano ko Sakkwato. Sai dai bangon da zai shekara 20 lafiya lau a Arewa na iya fara ɓamɓarewa cikin 'yan shekaru a gaɓar teku, domin yanayin ba ɗaya ba ne.

Ruwan saman da ke sauka a Kano a shekara bai cika wuce milimita 1,000 ba, kuma rani da hunturu suna busar da gini na tsawon watanni. A Legas ruwan ya haura milimita 1,500, a Fatakwal ya haura 2,000, a Kalaba kuwa yakan kusanci 3,000. A damina laimar da ke cikin iska takan wuce kashi 80 cikin 100, saboda haka bangon da ya jiƙe ba ya samun damar bushewa kafin wani ruwan ya sake sauka.

Yadda ruwa ke shiga bango

Filasta haɗin siminti ne da yashi da ruwa, kuma duk kyanta tana da ƙananan kafofi da ke shan ruwa. Shan ruwan kansa ba shi ne aibu ba, matuƙar bangon zai fitar da shi daga baya. Ɓarna tana farawa ne idan ruwan ya shiga ya rasa mafita.

Hanyoyin shigarsa uku ne. Ta farko daga sama, inda rufin kwano ke yoyo ko indararo ya toshe, ko kuma an yi gini mai ɓoyayyen rufi wanda ba shi da bakin kwanon da zai kare bango. Ta biyu daga gefe, ta tsagewar filasta da gefunan tagogi, musamman ɓangaren da iska ke kaɗo ruwa. Ta uku daga ƙasa, inda bulo ke tsotsar danshi daga tushen gini kamar yadda lagwani ke tsotsar kananzir. Wannan danshi ba ya cika wuce mita ɗaya daga ƙasa, kuma shi ke barin tabo mai duhu a gindin bango. Maganinsa shi ne shimfiɗar da magina ke kira DPC, wadda ake sakawa tun lokacin gini, aƙalla milimita 150 sama da ƙasar waje, tare da leda mai kauri a ƙarƙashin jaman fulo.

A garuruwan bakin teku akwai ƙarin matsalar gishiri. Yashin da aka ɗebo daga teku ko tafkin da ke haɗe da shi, idan ba a wanke ba, yana barin gishiri cikin filasta, wanda ke fitowa kamar farin gari yana tura fenti. Mafi muni shi ne gishirin yana sa rodi tsatsa. Tsatsa ta ninka ƙarfen da ta ci girma, saboda haka takan fasa kankaren ginshiƙi ko na dakin daga ciki.

Darasi daga wasu ƙasashe

A tsakiyar shekarun 1990 an gano ɗaruruwan gidaje a garin Wilmington na jihar North Carolina a Amurka da katakonsu ya ruɓe a bayan wata filasta ta zamani da ba ta barin ruwa ya fita. Ruwan yana shiga ta gefen tagogi ya maƙale a ciki, alhali daga waje bangon yana nan sumul. Irin haka ta faru a birnin Vancouver na Kanada da kuma ƙasar New Zealand. Gidajen Najeriya na bulo ne, ba katako ba, amma darasin ɗaya ne: kyan bango daga waje ba shaida ba ne cewa cikinsa a bushe yake.

Abin dubawa kafin biyan kuɗi

Lokacin da ya fi dacewa a duba gida a Kudu shi ne tsakiyar damina, wato Yuni zuwa Yuli, ko Satumba zuwa Oktoba, kuma ya fi kyau a je jim kaɗan bayan an ɗauke ruwa. A lokacin ne ake ganin inda ruwa ke kwanciya a tsakar gida, da ko titi ya fi daɓen gidan tudu.

Sabon fenti a gindin bango kaɗai, ko tayil da aka liƙa daga ƙasa zuwa ƙugu, sau da yawa ɓoye danshi ake yi da su. A ƙwanƙwasa filasta da ɗan ƙarfe a wurare daban-daban. Inda ta yi ƙara kamar ganga, ta rabu da bulo. A goga ta da tsabar kuɗi ko ƙusa. Idan tana zubar da yashi, an yi rowar siminti wajen haɗinta. A shiga ɗakunan da aka daɗe ba a buɗe ba a ji warinsu, a duba bayan kabad, kusurwoyin silin da bangon da ke maƙwabtaka da banɗaki.

Tsagewa ma iri-iri ce. Ƙanana masu kama da saƙar gizo-gizo yawanci a fatar filasta suka tsaya, kuma gyaransu ba wuya. Amma wadda ta kai faɗin milimita 3 ko fiye, ko ta tashi a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, ko ta bi layin bulo kamar matakala, tana iya nuna cewa tushen ginin yana nutsewa. Wannan ya zama ruwan dare a unguwannin da aka cike fadama aka yi gini. A irin wannan hali, a kira injiniya mai rajista da hukumar COREN ko magini mai rajista da CORBON kafin a ci gaba da ciniki. Kuɗin dubawarsu bai kai kuɗin gyaran ginshiƙi ɗaya ba.

Haka nan a tabbatar da takardun fili da amincewar gwamna, kamar yadda dokar amfani da filaye ta 1978 ta tanada, da kuma takardar amincewa da tsarin ginin. A Legas hukumar LASBCA ce ke sa ido kan ingancin gine-gine.

Kula da gidan bayan saye

Kafin kowace damina a share indararo da magudanan ruwa, a cike gefunan tagogi, a tabbatar ƙasar da ke jikin bango tana gangarar da ruwa waje. Kada a jingina ƙasar shuka furanni da bango, domin takan haura DPC ta kai danshi ciki. A sare rassan da ke hana bango samun rana da iska, saboda a inuwa gansakuka ke yaɗuwa.

Idan za a yi faci, a fara toshe hanyar ruwan tukuna, sannan a sassaƙe duk filastar da ta saki. Haɗin da aka saba amfani da shi a bangon waje shi ne awo 1 na siminti ga awo 4 zuwa 5 na yashi mai tsabta. A riƙa ba sabuwar filasta ruwa na kwana 7, kuma a jira kimanin kwana 28 kafin fenti. Fentin mai yana kulle danshi a ciki har ya kumbura ya ɓare, don haka fentin ruwa mai inganci da aka yi domin waje ya fi dacewa.

Lamarin ya shafi lafiya ma. Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin jagorar da ta fitar a 2009 kan danshi da fumfuna a cikin gidaje, ta danganta zama a ɗaki mai laima da ƙaruwar tari da asma da sauran cututtukan numfashi. Buɗe tagogi masu fuskantar juna, janye kayan ɗaki daga jikin bango da daina shanya tufafi a cikin ɗaki suna rage fumfuna. Idan an wanke ta sake dawowa a wuri ɗaya, to akwai ruwan da ke shiga ta wajen, kuma shi ya kamata a nemo kafin a sake sayen fenti.