Ranar Da Maƙeri Zai Daina Ƙera Mashi

'Yan'uwa manoma cikin Almasihu, a zagayen da muke yi wurin ƙungiyoyi akan tambaye mu: salamar nan da Littafi Mai Tsarki ya yi alkawarinta, ina take? Masu tambayar yawanci waɗanda shanu suka cinye wa dawa ne, ko waɗanda tsoro ya hana su zuwa gonakinsu na nesa. To, bari mu duba alkawarin, mu ga kuma irin mutanen da aka fara faɗa wa.

Annabi Mika mutumin ƙauye ne, daga Moreshet ta ƙasar Yahuza. Zamaninsu ɗaya da Ishaya, fiye da shekara 700 kafin haihuwar Almasihu. Ba lokacin kwanciyar rai ba ne. Assuriyawa sun ci Samariya wajen shekara ta 722, a 701 kuma Sarki Sennakerib ya kama garuruwan Yahuza masu garu, har da Lakish, wadda ba ta da nisa da garin Mika. A cikin gida ma masu ƙarfi suna ƙwace gonakin talakawa, kamar yadda sura ta 2 ta nuna. Ashe wa manoma masu tsoro irinmu aka yi maganar.

Sura ta 4 ta littafinsa da Ishaya sura ta 2 kusan bakinsu ɗaya. Ku lura da yadda al'amuran suke bin juna. Da fari al'ummai za su taru wurin Ubangiji domin su koyi hanyarsa. Sa'an nan shi da kansa zai yanke shari'a tsakaninsu. Bayan wannan ne makaman yaƙi za su koma kayan noma. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga an mai da tsohon ƙarfen mota garma, zai gane wannan da sauri: ƙarfen ɗaya ne, aikinsa ne ya sake. Mika ya ƙara da abin da ya fi taɓa zuciyar manomi, wato kowa zai huta a inuwar itacen da ya dasa, babu fargaba.

A harabar Majalisar Ɗinkin Duniya a New York akwai mutum-mutumin wani maƙeri yana lanƙwasa takobi. Tarayyar Sobiyat ce ta ba da shi kyauta a 1959. Aikin ya yi kyau, amma a ganinmu an ɗauki ƙarshen maganar an bar farkonta. Mutum ba ya ajiye makami sai ya tabbata akwai alƙali mai gaskiya, annabawa kuwa sun ce alƙalin nan Allah ne. Shi ya sa salama da sujada ba su rabuwa. Wahayin Yahaya sura ta 7 ta nuna taron da ba ya ƙidayuwa, daga kowace kabila da harshe. Mu tuna fa, Fulfulde ma harshe ne.

Akwai masu cewa, tun da duniya za ta shuɗe, me ya sa za mu dasa mangwaro ko mu gyara rijiya? Ba mu yarda da su ba. Manzo Bulus ya tsauta wa masu zaman banza a Tasalonika, Irmiya kuwa ya sayi gona a Anatot sa'ad da sojojin Babila suke kewaye da Urushalima.

Haɗarin da ya fi girma shi ne na masu cewa begen nan na gobe ne, yau sai ramuwa. Mun san zafin ganin aikin damina ɗaya ya lalace cikin dare ɗaya, ba mu kuwa ce a yi shiru ba. A kai ƙara wurin mai unguwa da arɗo, a ƙiyasta ɓarna, a biya. Amma wanda yake jiran ranar da Allah zai yi shari'a ba zai tara kuɗin ƙungiya ya sayi makami ba.

Dattawanmu sun san lokacin da manomi ke roƙon makiyayi ya sauka a gonarsa bayan girbi domin taki. Muna roƙon kowace ƙungiya, tun kafin ruwan shuka, ta zaɓi dattawa biyu ko uku su je wurin arɗo, a bi burtali tare. In an tarar wani ɗan ƙungiya ya nome hanyar shanu ko ya tare mashaya, mu fara gyara namu.