Shirin Musamman: Ɗamara da Falmaran Masu Tallafe Jikin Naƙasassu

Yau daga Sakkwato, birnin Shehu, za mu duba ɗamara da falmaran da ke tallafe jikin naƙasasshe a kan kujera ko keken guragu.

Yaron da doguwar naƙuda, shawarar jarirai ko sanƙarau ya taɓa wa ƙwaƙwalwa sau da yawa ba ya iya zama da kansa. Kai ya rinjaya, jiki ya karkace. A gidajenmu sai uwa ta ɗauko majanyi ta ɗaure shi a jikin kujera don ta samu ta ɗora tukunya. Ƙauna ce ta sa, amma akwai haɗari: in yaron ya zame, ɗaurin yana iya hawa wuyansa ya shaƙe shi.

Shi ya sa likitocin gashin ƙashi, irin waɗanda ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ke farawa da ƙugu. Ɗamara ta danne ƙashin ƙugu, ba ciki ba. Sai ƙugu ya zauna daram sannan a sa falmaran ta riƙe kafaɗa da ƙirji, a bar sararin numfashi. Da haka yaro zai ɗaga kai ya kalli mahaifiyarsa, ya haɗiye kunu ba tare da ya ƙware ba, har ya riƙe fensir a makarantar naƙasassu ta A.A. Raji.

Zafin bazarar Sakkwato yana wuce digiri 40. Don haka a sa yadin auduga mai shan gumi, a riƙa kwance ɗamarar ana duba fata, kada gyambo ya ɓulla.

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ce kusan mutum biliyan 1 ba sa samun kayan tallafin da suke buƙata. Mu kuwa muna da dukawa da teloli masu hannu. In likita ya auna, su za su iya ɗinkawa da araha. Dokar Najeriya ta hana nuna wa naƙasassu wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi da lafiya, kuma yaron da bai zauna ba zai sha wahalar karatu.

Iyaye, a kai yaro a auna shi kafin a ɗaure shi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.