Kantin da ke Leƙa Aljihunka Kafin Ya Faɗi Farashi

Duk wanda ya taɓa cinikin tumatir ya san farashi ba ya zama wuri ɗaya. Kashin da mai tumatir ya ƙi sallamawa da hantsi, idan la'asar ta yi sakaliya ya ga kayan sun fara laushi, da kansa zai kira ka. Ba mai jin haushin wannan. Akwai kuma wani ɗan kasuwar da ba kayan yake kallo ba, kai yake kallo: takalminka, shaddarka, makullin motar da ke hannunka. Kafin ka buɗe baki ya gama auna ka. Shi ma mun saba da shi, muna kuma da maganinsa. Ka taya, ya ce albarka, ka juya kamar za ka tafi, ya ce dawo kawo kuɗin.

To, rigimar da ake yi a Amurka kan manyan kantunan abinci, a kan ɗan kasuwa na biyun nan ake yin ta. Sai dai nasu ba shi da fuska, kuma ba a taya masa.

Abin ya faro ne daga 'yar takardar farashin da ake mannawa a jikin kanta. Yanzu ana maye gurbinta da ƙaramin allo mai batir, wanda ake sauya lambarsa ta kwamfuta. A 2024 kamfanin kantunan Walmart ya ce zai saka irinsa a kantuna 2,300 zuwa 2026, aikin da ke cin ma'aikaci kwana biyu ya koma na 'yan mintuna. A watan Agustan shekarar, Sanata Elizabeth Warren da Sanata Bob Casey suka rubuta wa kamfanin kantunan Kroger wasiƙa, suna tsoron kada allon ya zama hanyar tsawwala wa jama'a a daidai lokacin da suka matsu. Kroger ya musanta.

Allon ba shi ne ya fi damuna ba. Abin da ya fi damuna shi ne idon da ke bayansa. Ɗan kasuwarmu takalmi kaɗai yake gani, amma katin rangwamen kanti da manhajar da ke wayarka sun san abin da ka saya bara, da irin madarar da ba ka iya canjawa saboda jariri. A Janairun 2025 hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, ta bayyana cewa kamfanonin da ke tsara wa 'yan kasuwa farashi suna iya amfani da inda mutum yake, da abin da ya duba a intanet, har da kayan da ya jefa a kwando ya fasa saya. Ka ga ke nan ko juyawar da kake yi don a kira ka, ita ma an rubuta ta.

A Disamban 2025 ƙungiyoyin Consumer Reports da Groundwork Collaborative suka fitar da rahoton yadda suka sa mutane sama da 400 sayayya ta manhajar Instacart. A wani kantin Safeway da ke Washington, ƙwai dozin ɗaya, iri ɗaya, ya fito da farashi biyar, daga dala 3.99 zuwa 4.79. Instacart ya ce gwaji ne kawai, bai taɓa bayanan kowa ba, kuma kafin watan ya ƙare ya dakatar da shi. Amma a kasuwa kunnenka na jin abin da aka faɗa wa na gabanka. A waya kowa shi kaɗai ne a rumfarsa.

Jihar New York ta yi doka a 2025 cewa duk wanda kwamfutarsa ta yanka maka farashi da bayananka, dole ya rubuta maka hakan ɓaro-ɓaro. An yi ƙoƙari, amma da saura. Kamar mai kaya ne ya ce maka, "Alhaji, na dubi takalminka ne na ƙara kuɗi," sannan ya hana ka tayi. Me ka ƙaru da shi?

Sarkin kasuwa ba ya yanka wa gero farashi, amma ba ya yarda a auna wa wani da cikakken mudu, wani kuma da wanda aka buge wa gindi. Iyakar abin da ake nema daga doka ke nan. A bar ragin la'asar, kamar yadda kantunan Albert Heijn na ƙasar Holan ke sauke kuɗin abincin da kwanansa ya kusa ƙarewa, tunda ragin na kowa ne, kuma yana rage zubar da abinci. Amma yanka wa mutum farashin abinci saboda abin da aka sani game da shi, wannan kam hana shi ya kamata a yi gaba ɗaya, ba a tsaya ga sanarwa ba.