Tabar wiwi da maganin amai: abin da bincike ya nuna

A Tasawa da Mayahi, kamar sauran sassan jihar Maraɗi, an san tabar wiwi a matsayin kayan maye da doka ta haramta, hukumar OCRTIS kuma tana farautar masu safararta. Sai dai masana sun daɗe suna binciken sinadaran da ke cikinta.

A 1964 ne Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni suka ware sinadarin THC a Isra'ila. A 1985 Amurka ta amince da magunguna biyu masu aiki irin nasa, dronabinol da nabilone, domin masu ciwon daji da magani ke sa wa tashin zuciya da amai. A masana'anta ake haɗa su, likita ke auna su, kuma sai sauran magunguna sun kasa, domin suna kawo jiri, barci da ruɗewa.

Wannan bai mai da wiwin bakin tasha magani ba. A 2004 likitoci a Ostireliya suka bayyana cewa daɗewa ana shanta kan jawo amai mai tsanani. Mai laulayi kuwa, THC yana ratsa mabiyiya ya kai ga ɗan cikinta. Idan amai ya ƙi tsayawa, a garzaya asibiti mafi kusa.