Shokazoba da Sifirin: Abin da Mai Motar Kasuwa Ya Kamata Shi Sani

Yau za mu ɗan aje zancen gero da albasa, mu yi maganar ƙafar mota, don kuwa kaya komi kyawonsu sai sun isa kasuwa kana su zama kuɗi. Duk wanda ke bin hanyar Sakkwato zuwa Goronyo, Sabon Birni, Isa har Shinkafi, ko mai ƙetarawa wajen Gidan Rumji da Maraɗi, ya san abin da ramu da gargada ke yi wa mota. Kuma a shekarun nan da 'yan bindiga sunka matsa wa yankin, mota ta tsaya a daji ba dukiya kaɗai aka saka cikin haɗari ba, har da rai.

Da farko mu raba abu biyu da mutane ke haɗawa. Sifirin shi ke ɗauke da nauyin mota da lodinta. Shokazoba ba ta ɗaukar kaya, aikinta tsayar da tsalle. Bututu ce mai mai a ciki, da sanda mai shiga da fita. In taya ta faɗa rami, sai man ya bi ta ƙananan ƙofofi da ƙyar, watau wannan ƙyar ɗin ita ke kashe girgiza. Akwai kuma wadda anka ƙara wa iskar gas don kada man shi yi kumfa in ya yi zafi. To, in gindin mota ya zauna, a tuhumi sifirin. In tana rawa kamar jirgin fito a gulbin Rima, a tuhumi shokazoba.

Sifirin da anka fi gani iri biyu ne. Akwai murɗaɗɗe mai kama da gammo, akwai mai falle-falle na a-kori-kura da manyan motoci. Tsofaffin direbobi sun san wanga daga Peugeot 504, wadda anka fitar a Faransa a 1968, wadda kuma masana'antar Peugeot ta Kaduna, da ta fara aiki a 1975, ta yi shekaru tana harhaɗawa. Wagon ɗinta murɗaɗɗen sifirin huɗu gare ta a baya, biyu kowane gefe, ita ko fikof ɗin mai falle ce. Motar nan har tseren Safari na ƙasar Kenya ta ci a 1975, a kan hanyar da ba ta fi tamu kyau ba. Amma fa motar tsere ta kan kwalta wani abu ce daban: sifirinta gajere ne mai tauri don ta kwanta ƙasa. Samarin da ke yanke sifirin Golf don ta yi irin wannan zama, su sani ramin farko shina iya fasa musu kaskon mai.

Ga yadda za ka gane sun gaji. Aje mota a wuri mai daidai, ba kaya. Danna kusurwa ɗaya da ƙarfi ka saki. In ta taso ta tsaya, lafiya. In ta yi ta lilo sau biyu ko uku, shokazobar ta mutu. Leƙa ka duba jikinta: in mai ya jiƙa ta ƙura ta manne, ta yoye. Shafa bakin taya: in ta ci tudu da kwari, alama ce. Haka nan in ka taka birki goshin mota ya yi sujada, ko ta riƙa karkata a kwana. Sifirin kuwa, auna da igiya daga ƙasa zuwa bakin rumfar taya, dama da hagu. In gefe ɗaya ya fi ƙasa, ya saki ko ya karye. Masu ƙerawa irin su KYB da Monroe na ba da shawarar canji wajen kilomita 80,000, amma motar da ke lodi a hanyarmu kada a jira ta kai haka.

Wajen saye, nan dillali ke nuna gwaninta. Kaya na zuwa daga Ƙofar Ruwa ta Kano, Panteka ta Kaduna, da Ladipo ta Legas, akwai sabo, akwai na hannu da muke kira Beljiyam, akwai kuma jabu cikin kwali mai kyau. Tafi da tsohuwar ko lambarta, don tsawo da bakin ɗauri su zo ɗaya. In ta hannu ce, riƙe ta tsaye ka ja sandar ka tura. Lalle ka ji tauri tun daga farko har ƙarshe, babu inda ta zarce fayau. Sandar ta zama sumul, ba tsatsa ba ƙarzuwa. Mai gas in ka danna ka saki, da kanta za ta fito. Fenti sabo a jikin tsohuwar shokazoba, a yi hattara da shi. Kuma a saya biyu biyu, na gaba tare ko na baya tare. Sabuwa a dama, matacciya a hagu, mota ba za ta riƙe hanya ba. Araha ba ta ado.

Wajen ɗaurawa, tsaya kusa da makanike ka ga abu huɗu. Na ɗaya, kada shi shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita, sai an kafa mata madogari. Na biyu, a yawancin ƙananan motoci shokazobar gaba cikin sifirin take, an matse shi da noti guda a sama. Tilas a kama sifirin da ƙarfen matsewa kafin a kwance notin nan. Ɗaure shi da waya ko igiya wasa da rai ne, don in ya kuɓuce shina iya fasa fuskar mutum. Na uku, a canza robobi da bushin da sunka tsage, in ba haka ba ƙara na nan yadda take. Kuma ƙusoshin da ke bi ta bushin, sai an sauke mota ta tsaya kan ƙafarta kana a yi musu ɗaurin ƙarshe, don kada robar ta murɗe ta yage. Na huɗu, bayan aikin gaba a kai ta a saita ƙafa, in ba so kake sabuwar taya ta cinye gefe guda ba.

Abin da ba mu yarda da shi ba: walda a karyayyen sifirin, ko gasa shi da wuta, ko cusa katako da guntun taya tsakanin murɗinsa. Ƙarfen da ya sha wuta ya rasa ƙarfinsa, ranar da ka fi buƙata ran nan za shi ba ka kunya.

Daga ƙarshe, maganar lodi. A-kori-kura irin su Hilux an yi su ne don kamar tan ɗaya, watau buhu 10 masu kilo 100. In munka ɗora 18, sa'an nan mutane sunka hau bisa, ribar ƙarin buhunan ita za mu kai wa mai kayan gyara, ga asarar ranar kasuwa in albasa ta kwana a rana. Mai kaya da ɗan kamasho su daina matsa wa direba, shi ma direba shi duba ƙafar motarsa tun a tasha kafin a ɗaura igiya.

Allah shi kiyaye hanya, shi ba mu kasuwa mai albarka.